A Bar wa Gwaggo Giɓinta

Ranar Talata da hantsi Mai abu ya karɓi abinsa. Daga wurinsa Gwaggo ta zo, wurinsa ta koma, mu ma da muka zauna kan tabarmi muna amsa gaisuwa hanyarmu ke nan. Kafin la'asar an kai ta makwancinta a bayan garin Ɗanzomo, gida ya cika har zaure. Ni 'yar ƙaninta ce, ita ta goya ni tun ina wata bakwai da mahaifiyata ta rasu. Don haka gabana mata suke durƙusawa su ce, "Ya muka ji da haƙuri?" ni kuma in ce, "Sai godiya."

Abokan kasuwarta na Maigatari mota guda suka yo. Har da wasu mata biyu 'yan Damagaram da suka shekara da shekaru suna sarin kantu da ƙuli-ƙuli a hannunta. Su kam kuka suke suna dariya. Ɗayarsu ta ce, "Yanzu wa zai zage mu tas, sannan ya cika mana buhu da kado?" Gyara take nufi, haka suke ce mata a can. A waje kuma wanzamin unguwarmu ta Gumel ya haɗa kai da gwiwa a gindin zaure, maza suna ta mamakin abin da ya haɗa shi da mamaciyar har ya biyo mota ya zo.

Wadda ta ɓata min rai wata tsohuwa ce, dangin nesa. Ta gama addu'arta, ta share ido, ta ce, "Allah sarki mai giɓi! Ta sha fama da bakin nan. To, yanzu dai a can za a cike mata." Mata suka ce amin. Ni ban ce ba. Na waiga na ga 'yata, wadda aka sa wa sunan Gwaggo muke ce mata Takwara, ta ja bakin hijabinta ta rufe fuska har hanci. Shekararta goma sha huɗu, kuma giɓin da ake maganarsa yana nan a bakinta iri ɗaya sak: haƙora biyu na sama, na gefen manyan nan na gaba, ɗaya dama ɗaya hagu, ba su taɓa fitowa ba.

Wannan jan hijabin ne ya sa na ɗauki biro. Gwaggo ta yi shekaru tana cire hannun yarinyar nan daga bakinta, kuma ba zan zuba ido zaman makoki ya mayar da shi ba.

Kowa ya san abin da ake gaya wa yaro idan ya fara famfara, haƙoran yarinta suna zubewa. Rufe bakinka, kada ƙadangare ya ga giɓin, in ya gani haƙori ba zai fito ba. An gaya wa Gwaggo, kamar yadda aka gaya min, kamar yadda ni ma, malamar makaranta guda, na gaya wa 'yata ba tare da na tsaya na yi tunani ba. In an tambaye ta labarin, a taƙaice take ba da shi: "Ina shekara bakwai na yi wa ƙadangare dariya." Daga nan ba ta ƙarawa. Abin da ya ba ta dariyar, ba ta taɓa faɗa ba.

Damina ta zo ta wuce, wata ta sake zuwa, haƙoran tsararrakinta duk suka fito, nata shiru. Mahaifiyarta ta tsare ta da tambaya har ta amsa laifinta, ta sha duka da igiyar guga. Aka kira wanzami ya tsaga mata dasashi, wai a buɗe wa haƙori ƙofa. Da bai fito ba aka sake tsagawa. "Jini kam ya fito," in ji ta, "har ya ishi mai son gani." Yaran gari suka sa mata suna matar ƙadangare. Ta yi 'yanmatancinta kaf da gefen mayafi a baki, ko a biki ba a jin muryarta.

Na taɓa tambayarta yaushe ta daina. Ta ce wata Alhamis ce a kasuwar Maigatari, tana da tire a ka, goyo a baya, galan ɗin man gyaɗa a hannu, ga mai saye yana ciniki. "Na duba na ga hannu biyu Allah ya ba ni, ba ni da na ukun da zan ajiye a baki. Sai na buɗe na faɗi kuɗin kayana. Kasuwa ba ta tashi ba, rana ba ta faɗo ba." Tun daga ranar, wanda bai ga giɓin Gwaggo ba to bai gaishe ta ba ne. Dariyarta daga ƙofar gari ake jiyo ta.

Ƙulinta kuwa ya yi suna wajen tauri. Direbobin Gagarawa, inda take sayo riɗi, sukan tsokane ta su ce, "Hajiya, ke da ba ki da na ci, kike soya wa mutane dutse?" Sai ta ce, "Mai giɓi ta soya, mai haƙori ya ji a jikinsa. Miƙo kuɗina."

Sai fito. An ce mace ba ta fito, Gwaggo ta ce ba a gaya wa awakinta ba. Takan kafa harshe a giɓin nan ta saki wata ƙara siririya mai kaifi, duk inda awakinta suke sai ka gan su a guje. Malamin unguwa ya aiko a yi mata magana, ta ce a gaya masa in yana da wata hanyar kiran akuya daga bayan gari ba tare da ta fita ba mayafi ba, tana saurare. Ba a sake aikowa ba.

Mutum ɗaya ne giɓin nan ya tsaya wa a rai, shi ne Baffa, yayanta da take bi. Shekarar da suka sauke farali tare, ya ja ta har wurin masu sa haƙorin Makka, ya ce a sa mata biyu su toshe wurin, shi zai ɗauki nauyi. Mata nawa ne suke mafarkin wannan? Gwaggo ta ce, "Yaya, da fuskar da Ya ba ni na zo ɗakinsa, da ita zan koma. In na sauya, awakina ma ba za su gane ni ba." Ya yi lallashi, ya yi faɗa, ta kafe. Suka dawo gida wata guda ba mai ce wa wani ci kanka, sai gaisuwa. Harshe da haƙori ma sukan saɓa, aka ce, suka shirya. Ni dai tun lokacin na sa a raina cewa Baffa kunyar bakin ƙanwarsa yake ji, kuma na riƙe shi da wannan.

Ranar da ba zan manta ba ita ce ta wanzami. Takwara tana shekara tara, ta yi famfara tun tuni, wurare biyun nan sun ƙi cikewa. Surukata mutuniyar kirki ce, ba ta taɓa ɗaga min murya ba, amma abin ya dame ta. Ta ce na bar yarinya tana wasa a gindin katanga inda ƙadangaru suke shan rana, ga shi kuma 'ya mace ce. Wata Alhamis ta ce gobe da safe wanzami zai zo. Maigidana ya sunkuyar da kai. Ni kuma wace ce da zan musa wa uwar miji? Na shiga ɗaki na kira Gwaggo a waya. Ba ta bari na gama ba ta kashe.

Da safe aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Wanzami ya buɗe zabirarsa yana wasa aska, surukata ta rungume Takwara a cinya, yarinya ta yi kuka har muryarta ta dushe. Sai muka ji tsayuwar adaidaita a ƙofar gida. Gwaggo ta shigo tana sallama tana tafiya, ba ta jira amsa ba. Ta durƙusa a gaban wanzami, ta sa yatsa ta ɗage leɓenta na sama.

"Ɗan nan, matso ka duba. Ka ga tabon nan? Aikin irin askarka ne, har sau biyu. In ka ga haƙori a wurin, bismilla, yanka ta. In ba ka gani ba, naɗe zabirarka."

Surukata ta ce, "Haba Hajiya, jikata ce fa. Gyara nake nema mata."

"Jikarki ce, ban ja ba," in ji Gwaggo. "Amma bakin irin nawa ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Wannan gyaran an yi min shi. Ga sakamakon, kina gani."

Wanzami ya dubi dasashin tsohuwa, ya dubi yarinya, ya mayar da askarsa kube. Ya fita ko sallama bai yi ba. Na ɗauka ta yi maƙiyi ke nan. Ashe da yamma ta aika masa da kwanon kantu, da saƙon cewa ba da shi take ba, abin da ya tarar ake yi ne. Daga nan duk zuwanta Gumel sai ta ajiye masa nasa. Ranar rasuwar ya gaya wa maigidana cewa tun daga wannan safiyar bai ƙara sa aska a dasashin yaro ba, in an kawo masa sai ya ce a tafi asibiti.

Surukata ta ce to, tunda an hana nata maganin, sai a kawo wani. Gwaggo, wadda in ban da allurar tafiya Makka ba ta taɓa yarda likita ya taɓa ta ba, ta ce a je a tambayi masu abin. Muka kama hanyar Kano mu uku. Likitar haƙorin da muka samu mace ce, Kirista daga wajen Filato, mai Hausa a baki kamar ruwa. Ta sa aka ɗauki hoton ƙashin bakin Takwara, ta kafa shi jikin fitila, ta kira mu.

"Mama, kin ga waɗannan? Duk haƙorin da zai fito yana nan kwance a ƙarƙashi tun yaro yana ƙarami, yana jiran lokacinsa. To dubi nan, da nan. Babu komai. Ba toshewa suka yi ba, tun asali ba a halicce su ba. Ko sau goma aka tsaga, ba abin da zai fito."

Gwaggo ta matsa har hancinta ya kusa taɓa hoton. Ta ce, "Ƙadangaren fa?"

Likitar ba ta yi dariya ba, kuma har gobe ina ganin girmanta saboda haka. Ta ce, "Mu ma a garinmu haka aka gaya mana. Ƙadangare bai san ana yi ba, Mama."

"To ni da takwarata kaɗai aka yi wa haka?"

"Ina! A kai a kai muke ganinsu. Yawanci ma ba shi ke kawo su ba, ciwon wani haƙorin ne, sai an ɗauki hoto a ga akwai wanda babu. Wani nasa a gaba yake irin naku, wani yana can ciki, mai shi ma bai sani ba. Yakan bi jini. Kuma mu waɗanda suka zo kawai muke gani. Na ƙauyuka da ba su taɓa taka nan ba, Allah kaɗai Ya san yawansu."

Sai ta ce in buɗe nawa bakin. Ta leƙa, ta ƙwanƙwasa wani turmi a ƙasa ta hagu, ta ce wannan na yarinta ne, bai taɓa faɗuwa ba, da alama babu mai ture shi a ƙarƙashi. Gwaggo ta tafa hannu. "Malama guda da haƙorin yaye! Kin ga munafuncin naki, a ɗaka kika ɓoye shi." Har ta rasu ba ta bar ni na huta da wannan ba.

Likitar ta ce a bar yarinya ta gama girma, in ta so a lokacin akwai yadda za a sa mata. Gwaggo ta ce, "In ta so. Kin faɗi daidai. Ba kakarta ba, ba mijinta ba, ba ni ba." Sannan ta hau kujerar da kanta ta ce ita ma a ɗauki nata. Aka ɗauka. Babu haƙori a binne, babu guntun saiwa, fili fetal.

Muka kamo hanyar gida a mota. Gwaggo ta rungume ambulan ɗin hoton bakinta a ƙirji. Mun yi nisa sosai kafin ta ce, kamar da kanta take, "Ashe ba tsuntsu ne ya tone ba. Ba a shuka ba ne." Na ga hawaye yana bin kuncinta, ban taɓa gani ba sai ranar. Can ta ƙara da cewa, "Akwai wanda ya fi ni buƙatar ganin hoton nan." Ban gane ba. Daga baya na ji ta kai wa Baffa, ya kawar da kai ya ce shi ba ya kallon ƙashin mai rai. Ta mayar da shi cikin adakarta.

Duk hutu Takwara a Ɗanzomo take yin sa. Gwaggo ta koya mata murza ƙuli, ta koya mata fito, ta koya mata amsar da za ta ba mai tsokana. Yarinya ta warware, tana dariya baki buɗe. Sai da ta shiga sakandare, bakin 'yanmata ya fi aska kaifi, hannu ya fara komawa baki. Gwaggo tana kwance tana jinya ma in ta gan ta sai ta ce, "Takwara, sauke hannun nan, ba nan ne wurinsa ba."

Saura mako guda sadakar arba'in, muna Ɗanzomo, ɗan Baffa ya kawo ɗaurin kalandar da aka buga a Gumel don raba wa jama'a. Hoton na san shi, na bikin ƙanena ne, Gwaggo tana tsakiyar dariya. Amma matar da ke jikin takardar haƙoranta reras, farare tas, kamar mai tallar man goge baki. Baffa ne ya ce wa mai hoton ya cike wurin da kwamfuta. Takwara ta ɗauki ɗaya ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, "Umma, ashe duk jira suke ta mutu su gyara ta?"

Ban san lokacin da na yafa mayafi ba. Na sa Takwara ta ɗauko ambulan ɗin nan daga adakar Gwaggo, muka sami Baffa a zaure shi kaɗai yana jan carbi. Tunda nake ban taɓa mayar masa da magana ba. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye kalandar a gabansa.

"Baffa, baƙuwa aka kawo mana. Na zo tambaya, wace ce?"

"Ke, ba na son rashin kunya. Gwaggonki ce."

"Allah ya ba ka haƙuri, Baffa, Gwaggona ba ta da waɗannan haƙoran. An ba ta su a Makka ta ce ba ta so. Tana da rai ba a iya da ita ba, sai yanzu da ba ta da bakin magana? In kunyarta ake ji, a bar mana ita, mu ba ma ji."

Na jira tsawa. Sai na ga ya ajiye carbin.

"Kunya?" ya ce. "Ni ne fa. Ni na kama ƙadangaren da zarge. Na ɗaura masa tsumma a ka kamar rawani, na kai mata har fuska don in ba ta dariya. Inna ta gaya mata ta rufe baki, ni na sa ta buɗe. Da ake dukanta ina bayan rumbu. Da wanzami ya zo ina jin ihunta. Ko sau ɗaya ba ta ambaci sunana ba." Ya share fuska da hannun riga. "Shekara saba'in ina kallon abin da na yi a bakinta. Na so in mayar mata da abinta ko a takarda ne."

Tsoho mai jikoki, yana kuka a kan ƙadangare. Ni da na zo da faɗa, sai tausayinsa ya kama ni.

Takwara ce ta zare hoton daga ambulan. Ta matsa bakin ƙofa inda rana take shigowa, ta ɗaga shi sama. Baffa ya fara kawar da kai, ta ce, "Baffa, ai yanzu ba ƙashin mai rai ba ne. Duba." Ya duba. Ta nuna masa da yatsa, kamar yadda likita ta nuna mana. "Nan da nan, babu komai tun asali. Ni ma haka nawa yake, kuma ni ban taɓa yi wa ƙadangare dariya ba, tsoronsa ma nake ji. Gwaggo ta ce ba tsuntsu ne ya tone ba, ba a shuka ba ne. Ta ce akwai wanda ya fi ta buƙatar gani."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya daɗe yana ɗage da shi, har hannunsa ya gaji. Sannan ya ce, "Ta kawo min, na kore ta." Washegari ɗansa ya koma Gumel da hoton bikin na asali, a sake buga kalandar.

Ranar arba'in aka raba kalandar Gwaggo da giɓinta, tana dariyar da aka san ta da ita. Matan Damagaram suka karɓi guda huɗu. Ana cikin raba waina da gumba, awakinta suka ɓalle daga turke. Tun rasuwarta ba wanda suke saurara wa. Suka watsu cikin tabarmi, wata ta sa kai a kwanon gumba, mata suna ta kora da takalma da mafici, abin ya zama abin dariya a gidan makoki.

Takwara tana tsaye a bakin madafa, hannunta riƙe da bakin hijabi. Na ga ta saki. Ta kafa harshe a giɓinta ta yi fito.

Gidan ya yi tsit, don muryar mamaciyar ce sak. Awaki suka ɗago kai, suka juya, suka bi ta har turke. Tsohuwar nan mai cewa za a cike mata giɓi dafe ƙirji ta ce, "La ilaha illallahu! Mace da fito, a gidan mutuwa?"

Daga ƙofar zaure muka ji muryar Baffa. "Ku ƙyale ta. Gadonta ne."

Allah Ya jiƙanki, Gwaggo, Ya yalwata miki makwanci, Ya sa can ta fi miki nan. Abin da za a yi da bakinki a can, Wanda Ya ƙera shi Ya fi kowa sani. A nan dai, muddin muna numfashi, ba mai cike miki shi.